Ranakun da Muryar Malam Ta Ɓuya

Malam ya rasu bayan ƙaramar Sallah da kwana goma sha ɗaya, lokacin gero ya fara tsirowa a gonarmu ta bayan gida. Shekara ashirin da biyu muka yi tare. Ba zan tsawaita a kan wannan ba. Na shiga takaba, na ajiye kwalli da turare, zirga-zirgata ta tsaya tsakanin ƙofar ɗakina da bakin rumbu.

Malamin firamare ne, amma ba da wannan aka fi saninsa a ƙauyenmu ba. Shi ne mai jan baƙi a tafsirin azumi: ya karanta aya, liman ya fassara. A azumi huɗu na ƙarshen rayuwarsa ya riƙa ɗaukar karatun da wayarsa, washegari ya zuba shi a kwamfuta, kowace rana da sunanta. Kwamfutar tsohuwa ce, irin wadda ake ɗorawa a cinya, sai dai batirinta ya daɗe da mutuwa. Ba ta tashi sai an jona ta da solar da ke kan rufin ɗakinmu, shi ma batirin solar in rana ta ɓuya bai fi ya riƙe rabin awa ba. Malam ya koya mini kunna ta, da buɗe folda, da kwafe karatu zuwa memorin waya. Iyakar sanina ke nan, kuma na ɗauka ya ishe ni.

Bayan sadakar uku, liman ya faɗa a masallaci cewa duk wanda ya saurari karatun nan, Malam yana da lada. Daga ranar memori suka fara shigowa gidanmu. Maza suna aiko matansu da su, wani a kwalin ashana, wani a ƙulle a bakin mayafi, wani a naɗe cikin takardar magani. Wannan yana son ranar da aka karanta Yasin, waccan tana son ranar rufewa. Ba wanda ya ɗauki duka, don memorinsu ƙanana ne, kuma cike suke da wa'azi da hotunan biki. Cikakken karatun azumi huɗun nan ba inda yake sai cikin kwamfutar. Ni kuwa aikin ya yi mini daɗi. Mai takaba ba ta rasa lokaci, abin yi take rasawa.

Inna, mahaifiyar Malam, tare muke zaune. Kunnenta ya yi nauyi. In na kunna mata karatun, sai Malam ya yi nisa cikin sura sannan ta ce, "Ya fara kuwa?" Wannan ya dami Alhaji, wan Malam, wanda gidansa ke can ƙetaren gonarmu. Wata rana ya dawo daga Bacirawa, ya yi sallama, ya tsaya a bayan asabarin ɗakina kamar yadda ya saba, ya miƙa wa Inna wani jan filash, ɗan abin ajiya da ake zurawa a kwamfuta, ta miƙo mini.

"Malama, wani mai shagon cajin waya ya zuba mini wani abu a nan. Ya ce yana ƙara murya ninki uku. Ki sa wa kwamfutar, Inna ta ji ɗanta."

Na zura, na danna inda ya ce. Kwamfutar ta tambaye ni wani abu da Turanci, har sau biyu, da alamar ruwan ɗorawa a gefe. Na gaya masa.

"Tambayar al'ada ce. Ki ce mata eh."

Na ce mata eh. Muka kunna karatu. Inna ta kasa kunne, can ta ce, "Ya fara kuwa?"

Murya ba ta ƙaru ba, amma kwamfutar ta canza hali. Ta yi nauyi, fankar cikinta na ta huci ko ba a taɓa ta ba. Ban kawo komai a raina ba, na ci gaba da kwafe wa mutane har kwana biyu. Sai ga wata mata ta dawo, tana jin nauyin magana, ta ce tun da memorinta ya dawo daga gidanmu waya ba ta ganin komai a ciki, har hotunan bikin 'yarta. Kafin la'asar an samu mutum uku masu irin wannan ƙorafi. Washegari da hantsi na danna foldar Malam. Wani baƙin allo ya ƙifta ya ɓace, ba abin da ya buɗe. Na sake dannawa. Na sake.

Ranar da aka fita da gawar Malam ban ɗaga murya ba. Ran nan ma ban ɗaga ba. Na rufe kwamfutar, na fita na wanke kwanukan da na riga na wanke.

Da Alhaji ya ji, bai ɗauki abin da zafi ba. "Tsufa ne. Ranar kasuwa zan kai wa mai gyaran waya ya yi mata fomat, ta dawo sabuwa fil." Saura kwana biyar kasuwa ta ci. Kalmar ta yi mini kama da sunan magani, har na yi masa godiya.

Ina da ƙanwa a Rijiyar Zaki, tana da shagon buga takardun ɗalibai, kwamfuta ita ce sana'arta. Da da hali da tuni ta zo, to kwana huɗu ke nan da haihuwarta. Ni takaba ta tsare ni, ita jego ya tsare ta. A gidanmu waya ba ta kamawa sosai sai a bakin rumbu, shi ma sai mutum ya kifa turmi ya hau. Na kifa, na hau, na kira ta.

"Fomat? Yaya, kin san mene ne fomat?"

"Ba gyara ba ne?"

"Ɓera ya shiga rumbu, a ce a cinna wa rumbun wuta. Shi ne fomat. Ɓeran zai mutu kam, amma ki nemo mini hatsin."



Ta sa na ba ta labari tun daga farko. Da na zo kan jan filash ɗin sai ta yi tsaki. Ta ce abin nan turojan ake ce masa. Ba ya haurowa ta katanga. Da sallama yake zuwa, sanye da kayan kirki, ya ce shi mai ƙara murya ne ko mai gyaran hoto, mai gida da kansa ya buɗe masa ƙofa. In ya zauna sai ya ɓoye kayan mutane ya ajiye na bogi a gurbinsu, kuma duk memorin da aka zura sai ya bi shi gida.

"Kenan karatun yana nan?"

"Ina kyautata zato. Irin wannan ɓoyewa ya fi yi, ba gogewa ba. Amma ba zan rantse ba sai mun gani. Ki daina zura memorin kowa. Kuma ki gaya wa Alhaji abinsa ne ya jawo."

"Ni? In gaya wa Alhaji?"

"To wa zai gaya masa, jaririyata?"

Ita a birni ta yi aure, ta manta. Ƙanin miji ake yi wa wasa, a ce masa ka yi ɓarna. Wan miji kuwa, shekara ashirin da biyu ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. Kuma kwamfutar nan ba tawa ba ce ni kaɗai, tana cikin kayan gado da ba a raba ba, shi ne babba a kansu. In ya ce zai ɗauka, ba ni da bakin hanawa. Abin da ya rage mini shi ne ta warke kafin ranar kasuwa.

Muka shirya cewa ranar suna maƙwabciyata za ta je a madadina, ta karɓo maganin kwamfutar a wani filash. Kwana ukun da ke tsakani, duk wadda ta kawo memori sai in ce kwamfutar ba ta da lafiya. Ban san maganar za ta yi nisa ba. Mata suka riƙa shigowa, bayan sun yi mini ya haƙuri sai su waiwaya inda take a rufe da ɗankwali su ce, "Ya mai jiki?" Wata tsohuwa ta ba da shawarar a yi mata hayaƙin habbatus sauda. Inna ta ce ba laifi a gwada. Da ƙyar na shawo kansu, na ce likitarta ta hana hayaƙi.

Da yammacin ranar suna maƙwabciyata ta dawo da langar soyayyen nama, filash ɗin kuma a ƙulle cikin leda uku a ƙarƙashin murfin. Sai da na goge masa mai da bakin zani. Rana ta riga ta yi sanyi, ba wutar da za ta isa. Ya rage kwana ɗaya tak.

Da hantsi muka fara. Wahalar ita ce kwamfuta tana ɗaki, jone da wayar sola, magana kuma sai a kan turmi, tsakaninsu taku ashirin da wani abu. Sai in hau in ji umarni, in sauko da gudu in aikata, in koma in ba da rahoto. Na zaunar da Inna a gaban allon, na ce mata a kunne in ta ga wani abu ya motsa ta kira ni.

"Ki kashe ta gaba ɗaya," in ji ƙanwata. "Ki kunna, kafin ta gama farkawa ki yi ta danna maɓallin layin sama mai F da takwas. Ki yi ta dannawa kamar kina tsinke zogale."

Sau biyu ina makara. A na uku allon ya yi baƙi, da farin rubutu jere. Ta ce in hau da kibiya zuwa na farko in danna babban maɓalli. Da kwamfutar ta tashi, komai ya kumbura, rubutu ya yi manya-manya, hoton gonar da Malam ya sa a bango ya ɓace. Na koma turmi da gudu.

"Na ɓata ta. Ta kumbura."

Ta yi dariya har na ji jaririya ta farka. "Haka ake so, Yaya. Ta tashi ne da 'yan gida zalla, ɓarawon yana barci. Yanzu za mu shiga masa."

Filash ɗinta yana da ɗan makulli a gefe, ta ce ta riga ta kulle shi don kada shi ma ya kwaso ciwon. Na zura, na nemo abu mai hoton garkuwa, na danna. Turancina na aji uku ne na sakandare, kuma ya daɗe a ajiye, don haka harafi-harafi nake karanta mata abin da na gani, wani lokaci in manta rabi a hanya in koma in sake dubowa. Ta ce da ta san haka ne da ta aiko mini da takalmin gudu tare da naman. A ƙarshe wani koren layi ya fito, ya fara tafiya daga hagu.

"Ya motsa!" Inna ta ƙwala kira.

Na zo da gudu. Layin ne ya ƙara kamar ƙwayar gero. Haka ta yi ta kirana, sau bakwai ko takwas, har na ce mata wannan motsin na lafiya ne.

Layin nan ya fi hawainiya nawa. Muka yi azahar bai kai rabi ba. Na dama fura, muka sha, yana nan yana jan ciki. Ya wuce rabi da kaɗan sai iska ta juya. Na leƙa gabas, hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Kwana tara ke nan ba a yi ruwa ba, gero ya fara lanƙwasa ganye, kowa a ƙauyen sama yake kallo. Ni kaɗai na ga hadarin nan gabana ya faɗi. In wuta ta ɗauke, sai an faro daga farko, kuma ba wata ranar.

Na matsa kusa da kunnen Inna. "Inna, ki roƙa mana ruwan nan ya ɗan dakata."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ke 'yar nan, da hankalinki? Gero na ƙishi in ce ruwa ya dakata? In aka ji ni a garin nan fa?"

"Kaɗan dai, Inna. Rabin awa."

Ta jawo carbinta. Can na ji tana cewa, da muryarta da take zaton ƙasa-ƙasa ce, "Allah ka ba mu ruwa mai albarka. Ka fara ta Dawakin Tofa, su ma bayinka ne, mu ma iya jira."

Rana ta rufe. Ƙaramar fitilar batirin sola ta koma ja. Na kashe komai da ke jan wuta, na zare cajin waya, na zauna ina kallon layin, kamar kallo zai tura shi. Ɗigon farko ya bugi kwanon rufi daidai lokacin da ya kai ƙarshe. Jan rubutu ya cika allon, jeri mai tsawo. Na fita cikin yayyafi na hau turmi.

"Ja ne! Duk ja!"

"Madalla, an kama su. Akwai maɓalli a ƙasa ta dama, ki danna ya kwashe su. In ya gama ki kashe ta."

Na danna, jan ya koma kore, na kashe. Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Muka zauna ni da Inna muna cin naman suna, tana ce mini addu'arta ce ta yi aiki, ban musa ba.

Bayan la'asar gari ya washe, rana ta fito da sauran ƙarfinta. Na ba batirin ɗan lokaci, sannan na kunna kwamfutar yadda aka saba. Ta tashi da sauri, fanka ta yi shiru, hoton gona ya dawo. Na nemi foldar Malam. Babu ita. Da ko ba ta buɗewa ina ganinta. Yanzu wurin fili ne.

Turmin ya jiƙe, ƙafata na zamewa. Sau huɗu ina kira kafin ya shiga. Ban iya cewa komai ba sai, "Ta tafi."

Wannan karon ba ta yi dariya ba. "Yaya, ki saurare ni. Wadda kike gani da ta bogi ce, ita aka kwashe. Ta gaskiyar a ɓoye take. Za mu ce wa kwamfutar ta nuna duk abin da aka ɓoye."

Sau shida na yi sawu tsakanin ɗaki da rumbu, cikin taɓo. Nan a danna, can a sa ɗigo, can a cire alama. A sawu na ƙarshe na danna na ɗago kai. Ga ta nan, launinta a kwaɗe kamar wanda ya tashi daga jinya, amma sunan da Malam ya rubuta mata da hannunsa yana nan. Na buɗe. Azumi huɗu, kowace rana a layinta. Na bi su da yatsa har ƙasa, ba wadda ta ɓace.

Na danna ta farko da hannuna ya faɗa a kai. Inna ta sunkuyo ta manna kunnenta a jikin kwamfutar. Aka ji hayaniyar masallaci, aka ji ya ƙwanƙwasa lasifika sau biyu, ya yi gyaran murya, ya ce, "Ana ji a baya?"

"Muna ji," in ji Inna.

Na bar ta a nan, na fita na tsaya a bakin rumbu na ɗan lokaci. Ban hau turmin ba.

Washegari da sassafe na ji tsayuwar babur. Alhaji ya yi sallama, da jaka a hannu ta ɗaukar kwamfuta. Bayan mun gaisa na ce masa ta samu sauƙi, na kunna masa ya ji daga bayan asabari. Ya yi ta hamdala. Har na saki jiki, sai na ga hannunsa ya shigo ta gefen asabarin, riƙe da jan filash.

"To tunda ta warke, a sake zuba mai ƙara muryar nan. Wancan karon ina jin bai zauna daidai ba."

Na dubi filash ɗin, na dubi Inna, ba ta san me ake ciki ba. Da zan iya cewa wuta ba ta isa ba, ko in ce sai gobe. To gobe ma zai dawo, kuma wata rana ba na kusa. Na sunkuyar da kai ko da yake ba ya ganina.

"Alhaji, a gafarce ni. Ciwon a cikin wannan ya zo."

Alhaji ya gyara tsayuwa.

"In ji wa?"

"Ita kwamfutar za ta faɗa da kanta, in an yarda."

Ƙanwata ta riga ta sa na zaunar da mai garkuwar nan a ciki ya zama mai gadi, ta kuma koya mini yadda ake bincika filash ba tare da an buɗe shi ba. Na zura. Ko minti ɗaya ba a yi ba allon ya yi ja. Na tura kwamfutar bakin ƙofa iya tsawon wayarta, na ɗaga asabarin kaɗan. Ya tsuguna ya daɗe yana kallo. Shi ma ba Turancin ne da shi ba, amma ja ba ya bukatar fassara.

"Da na kai ta kasuwa yau fa?"

"Da ba a samu komai ba, Alhaji. Har karatun."

Inna ta gaji da ganin bakuna na motsi. "Me ake cewa ne?"

Alhaji ya miƙe, ya matsa kusa da kunnenta, ya ɗaga murya yadda na tabbata har gida na uku an ji: "Na ce ni na kawo cutar, Inna!"

"Yo wa zai kawo in ba kai ba? Kai ka kawo ƙyanda gidan nan, kai ka kawo ƙarambau. Shi kuma bawan Allah ya kwasa ya fi ka kwanciya."

Alhaji ya yi dariya, wadda rabon da in ji irinta tun kafin rasuwar. Ta ɗan yi tsawo, ƙarshenta ya canza, ya juya mana baya yana gyara hula. Sannan ya hau babur ya tafi, ya bar jakar a ƙasa.

Bai dawo ba sai bayan azahar. Ashe gida-gida ya bi, duk inda memori ya taɓa zuwa gidanmu, yana faɗa da bakinsa cewa laifinsa ne, a kawo a wanke. Ya juye memorin da ya tattaro a faifai, kowanne a naɗe da takarda da sunan mai shi. Wankinsu ya ɗauke ni mako guda, hotunan bikin nan ma sun dawo. Amma a ranar ba su ya sa a gaba ba. Ya zaro sababbin filash biyu, ko ledarsu ba a yage ba.

"Malama, ki zuba duka. Azumi huɗun, kada ki bar ko rana ɗaya. Ɗaya ya zauna a wurinki, ɗaya a gidana."

Na ce zai ɗauki lokaci, in an gama zan aika masa. Ya ce ba ya sauri. Ya jawo tabarma ya zauna a inuwar rumbu, mutumin da ban taɓa ganin kasuwa ta ci babu shi ba. Inna ta kai masa ragowar naman suna. Sai dab da la'asar na biyun ya cika. Na buɗe na tabbatar, na ƙirga ranakun, na miƙa wa Inna ta miƙa masa.

Ya sa shi a aljihun gaban rigarsa, ya ɗora tafin hannu a kai. Ya je wurin babur ɗin, ya tsaya yana dubansa, ya ga tuƙi sai da hannu biyu. Sai ya ce a bar shi a zaure zuwa gobe, ya bi ta cikin gero a ƙafa.